Ɗan Kaso da Ɗan Caca a Gaban Mai Karatu

Marubucin nan na ƙasar Rasha, Fiyodor Dostoyefski, wanda aka haifa a 1821 ya rasu a 1881, ya bar littattafai biyu da shekara huɗu kawai ta raba fitowarsu, amma tarbar da masu karatu suka yi musu ta sha bamban tun daga farko. Na ɗaya labarin zaman gidan kaso ne a Sibiriya, wanda ya fito kashi-kashi daga 1860 zuwa 1862, masu karatun Faransanci suka san shi da sunan Souvenirs de la maison des morts, wato Gidan Matattu. Na biyun kuwa gajeren ƙagaggen labari ne da ya fito a 1866, Le Joueur, wato Ɗan Caca. Littafin farko ya sa manyan marubuta sun sara wa mai shi, ya kuma sa jama'a sun dubi ƴan kaso da idon rahama. Na biyun an fi karanta shi da murmushi da girgiza kai, kamar yadda akan saurari labarin maƙwabcin da ya cinna wa rumbunsa wuta da hannunsa.

Wannan bambanci ya cancanci a tsaya a kansa, domin da yawa daga mutanen littafin farko ƴan fashi ne da masu kisan kai, alhali jarumin na biyu malamin yara ne wanda bai zubar da jinin kowa ba. Da a ce da nauyin laifi ake auna tausayi, da malamin ne zai fi samun rabo. Sai ga shi abin ya juye. To mene ne mai karatu yake aunawa a lokacin da yake raba tausayinsa? Kuma shin wanda ya ɗaure kansa da kansa yana da haƙƙi a cikin wannan rabo?

Gidan da aka buɗe wa jama'a

A watan Afrilu na 1849 aka kama Dostoyefski tare da wasu samari masu taruwa a gidan wani mai suna Petrashefski a birnin Petersburg, suna karanta rubuce-rubucen da gwamnatin Sarki Nikola na ɗaya ta haramta. Ranar 22 ga Disamba aka fito da su dandali, aka karanta musu hukuncin kisa, aka ɗaure ukun farko a jikin turaku, sannan a daƙiƙar ƙarshe aka sanar cewa sarki ya sassauta. Dostoyefski ya yi shekara huɗu yana aikin wahala a gidan kason Omsk, daga 1850 zuwa 1854, da mari a ƙafarsa dare da rana, ba shi da littafin da aka yarda ya riƙe sai Linjila.

A cikin littafin ya sanya labarin a bakin wani ɗan manyan gida mai suna Goryancikof, wanda aka yanke wa shekara goma saboda ya kashe matarsa. Ta bakinsa mai karatu yake shiga cikin mutum wajen 250 da aka tara a bayan shingen gungumomi, wasunsu an buga musu tambarin laifi a goshi da kumatu. Akwai wanda ya ƙidaya gungumomin shingen, wajen 1,500, ya mai da kowane ɗaya kwana guda, kullum yana cire ɗaya daga lissafi. Akwai ranar wanka, inda ake cusa mutum kusan ɗari a ɗaki mai taku goma sha biyu, ga tururi, ga ƙarar sarƙoƙi, ga tabon duka a gadon baya. Akwai saurayi Ali, Musulmi ɗan Dagestan, mai kunya da tsarkin zuciya, wanda ya bi yayyensa fashi don ba ya iya musa wa na gaba da shi. Goryancikof ya ce cikin abubuwan da suka fi yi masa ciwo har da cewa a shekara goma bai taɓa zama shi kaɗai ba ko na minti ɗaya.

Mai karatu na farko da littafin ya gamu da shi jami'in tace littattafai ne, kuma abin da ya dame shi abin mamaki ne. Tsoronsa shi ne kada talakawa su ji cewa ƴan kaso na cin burodi mai kyau, su ɗauka zaman can da daɗi, har laifi ya daina ba su tsoro. Dostoyefski ya shirya ƙarin bayani yana nuna cewa ko fada aka gina wa mutum aka cika ta da kayan alatu, muddin an kewaye ta da shinge an ce ba fita, to ta zama wurin azaba.

Sauran masu karatu ba su buƙaci wannan bayani ba. Turgenef ya rubuto wa marubucin cewa babin wanka ya tuna masa da Dante, mawaƙin Italiya da ya siffanta wutar Jahannama, Herzen ma daga gudun hijirarsa a Landan ya yi irin wannan kwatanci. Littafin ya fito ne a daidai lokacin da ƙasar ke muhawara kan hukuncin duka, kuma a 1863 aka soke bi da mutum tsakanin layukan sojoji ana tsula masa sanduna, aka soke buga tambari a fuska. A 1880 Tolstoy ya sake karanta shi, ya rubuta wa abokinsa Strakof cewa bai san littafin da ya fi shi ba a dukan sabon adabin Rasha, har da na Pushkin, ya kuma ce a gaya wa Dostoyefski yana ƙaunarsa. Shi kuwa Nietzsche, masanin falsafar Jamus wanda ya ɗauki tausayi a matsayin rauni, ya karanta Dostoyefski da Faransanci a 1887, ya ce shi kaɗai ne masanin halayyar ɗan Adam da ya koyi wani abu a wurinsa. Abin da ya gani a ƴan kason Sibiriya ƙarfi ne da taurin zuciya waɗanda zaman jama'a ya raunata. Tolstoy da Nietzsche hannun riga ne a kusan kowace mas'ala, amma duk su biyun sun fito daga Gidan Matattu suna girmama mazaunansa.

Littafin kwana ashirin da shida

A 1863, yana cikin tafiya a Turai, Dostoyefski ya rubuto wa Strakof daga birnin Rum cewa yana da wani labari a ransa game da ɗan caca. Ya ce kamar yadda Gidan Matattu ya ja hankali domin ya nuna ƴan kaso a fili, haka wannan zai ja hankali domin zai nuna cacar rulet dalla-dalla, ya kuma kwatanta ɗakin caca da ɗakin wankan nan na gidan kaso. Wato a wurin mai shi, littattafan biyu tagwaye ne tun daga ciki. Ya san abin da yake faɗa, domin a wannan shekara caca ta kama shi a garin Wisbaden na Jamus, kuma a 1865 an cinye shi ƙaf a can.

Bashi ne ya tilasta masa sa hannu a wata yarjejeniya da mai buga littattafai Stelofski: ya karɓi rubul 3,000, da sharaɗin in bai kawo sabon labari kafin 1 ga Nuwamba 1866 ba, Stelofski zai riƙa buga duk abin da ya rubuta har shekara tara ba tare da biyansa ko kwabo ba. Oktoba ta kama bai rubuta layi ɗaya ba. Sai aka turo masa wata yarinya ƴar shekara ashirin, Ana Snitkina, mai koyon rubutun gaggawa, yana faɗa tana ɗauka, suka gama cikin kwana ashirin da shida. A Fabrairun 1867 ya aure ta.

Jarumin labarin, Aleksei Ibanobic, malamin yara ne a gidan wani janar da bashi ya yi wa katutu, suna zaune a wani garin caca na Jamus. Duk gidan jiran tangaraho suke daga Mosko mai cewa tsohuwa mai dukiya ta rasu, a raba gado. Maimakon tangaraho sai ga tsohuwar da kanta, ƴar shekara saba'in da biyar, ana turo ta a kujera. Ta sa aka kai ta teburin caca, ta nace a zuba mata a kan sifiri, ta ci, ta koma, aka cinye kusan duk abin da ta zo da shi. Shi kuwa Aleksei son Polina yake, agolar janar, har yana kiran kansa bawanta. A daren da ta zo ɗakinsa cikin matsuwa saboda bashin faran dubu hamsin, ya ruga gidan caca ya ciwo faran dubu ɗari biyu, amma ya lura cewa tun da hannunsa ya taɓa tarin kuɗin, son da yake mata ya koma baya. Da gari ya waye ta watsa masa kuɗin a fuska. Bayan shekara ɗaya da wata takwas mai karatu yana iske shi ya yi barantaka, ya yi zaman kaso saboda bashi, yana nan yana lissafin lambobi, kuma labarin ya ƙare yana yi wa kansa alkawarin gobe.

Littafin ya fito a inuwar babban aikin marubucin na wannan shekara, Crime et Châtiment, bai kuma tada ƙura irin ta Gidan Matattu ba. Waɗanda suka zo daga baya sun fi karanta shi a matsayin tagar leƙa rayuwar mai shi. Freud, a maƙalarsa ta 1928, ya ɗauki cacar Dostoyefski a matsayin hanyar azabtar da kai, ya lura cewa aikinsa ya fi tafiya bayan an cinye shi an jinginar da komai. Mai karatu na yau da kullum kuwa tsohuwar yake tunawa, yana dariya. In aka zo kan Aleksei, sai haƙuri ya ƙare, a ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Hujjar masu bambantawa

Masu wannan ra'ayi suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Suna cewa ɗan kaso an ɗaure shi ne, ɗan caca kuwa ƙofa a buɗe take gabansa. Na farko ba zai iya cire marinsa ba sai maƙeri ya zo, na biyu ba abin da ake nema gare shi sai ya tashi daga kujera. Tausayi na wanda ƙaddara ta faɗa wa ne, wanda kuwa ya kira ruwa, in ruwa ya dake shi ba a bin kowa bashin kuka. Idan aka daidaita su, to an zalunci na farko, an kuma ba na biyu lasisin ci gaba.

Sai dai hujjar tana da rami a tsakiyarta. Mafi yawan mazauna Gidan Matattu su ma da ƙafarsu suka taka hanyar da ta kai su can. Goryancikof kansa mai kisan matarsa ne, ya kuma shaida cewa a tsawon zamansa da wuya ya ga alamar nadama a fuskar abokan zamansa. Idan zaɓi ne yake soke haƙƙin tausayi, to ya soke nasu tun kafin ya soke na Aleksei. Mai karatun da ya yafe wa mai wuƙa, ya kasa yafe wa mai lissafin lambobi, ba zaɓi yake aunawa ba. Akwai wani abin daban.

Bugu da ƙari, caca tana nan a cikin Gidan Matattu kansa, kuma da yawa sukan karanta su wuce ta. Da dare, bayan an kulle ɗakuna, akan shimfiɗa tsumman darduma, a kunna guntun kyandir, a fito da karta mai maiƙo, a yi ta bugawa har asuba, an ɗauki wani matalauci haya da kofek biyar ya tsaya cikin sanyi yana gadi. Haka kuma akan ga ɗan kaso ya yi watanni yana tara ƴan kuɗi da ƙyar, sannan rana ɗaya ya sa sabuwar riga, ya sayi barasa, ya ɗauki mai goge yana binsa, ya ƙarar da komai kafin dare. Goryancikof ya yi ta mamakin wannan, har ya gane cewa abin da mutumin ke saye shi ne ɗanɗanon ƴanci: ya yi abu ɗaya, ko da na wauta ne, don shi ya ga dama. Wannan ƙishirwa ce ta kai Aleksei teburin rulet. Bara ne a gidan wasu, ana ba shi umarni, ana raina shi, kuma tebur ne kaɗai wurin da juyi ɗaya zai iya mai da shi mutum a idon waɗanda ba su ganinsa. Mai karatu ya fahimci wannan ƙishirwa a Omsk, ya ƙi fahimtarta a ɗakin caca.

Game da buɗaɗɗiyar ƙofa kuma, ya kamata a dubi yadda tarkon yake. Farantin rulet yana da gurabe 37, daga sifiri zuwa 36, amma wanda lambarsa ta fito ninki 35 ake biyansa. Saboda haka in wasa ya yi tsawo, kashi ɗaya cikin 37 na duk abin da aka zuba na gidan caca ne, kuma babu dabarar da ke canja wannan. Dostoyefski ya rubuta a wasiƙa cewa ya gano sirrin cin caca, wai mutum ya mallaki kansa kada ya hasala. Ashe abin da caca ke fara ci a jikin mutum shi ne wannan mallakar kai, tun kafin ta taɓa aljihunsa. Wanda ake ce wa ya tashi kawai, da abin da aka riga aka cinye ake so ya tashi. Likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka sun sanya cacar da ta fi ƙarfin mai ita cikin jerin cututtuka a 1980, sannan a 2013 suka mai da ita rukuni ɗaya da shaye-shaye.

Abin da mai karatu ke gudu

To in ba zaɓi ba ne, me ya raba tarbar? Abu na farko shi ne marin ɗan kaso ana ganinsa ana jin ƙararsa, na ɗan caca kuwa ba ya ƙara. Na biyu, a Gidan Matattu akwai wanda za a nuna da yatsa: manjo mashayi mai mulkin gidan, da hafsan da ke jin daɗin dukan mutane, da gwamnatin da ke bayansu. Mai karatu yana tsayawa gefen waɗanda aka zalunta, ya rufe littafi yana jin kansa mutumin kirki, kuma wannan tausayi bai ci masa komai ba.

Ɗan Caca bai ba shi wannan mafaka ba. Lokacin da tsohuwa ta zuba a kan sifiri, ƙwallon yana zagaya faranti, zuciyar mai karatu tana bugawa tare da tata, yana so sifirin ya fito. Daren da Aleksei ke kwasar kuɗi, mai karatu ma yakan manta da Polina tana jira a ɗaki. Kafin ya farga an zaunar da shi a teburin, ya ɗanɗana abin da yake shirin tsinewa. Kaɗan ne cikin masu karatu suka taɓa sa mari a ƙafa, amma da wuya a samu wanda bai taɓa yi wa kansa alkawarin gobe ba, a kan taba, ko bashi, ko fushi, ko wata ɗabi'a da ya sani sarai tana cinsa. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Tudun Sibiriya yana da nisa, ana iya hango shi cikin natsuwa. Na Aleksei kuwa a ƙarƙashin ƙafa yake, shi ya sa ake saurin kau da kai da dariya ko tsaki.

Mai karatu Musulmi yakan zo wa littafin da wani sani na daban, domin hukuncin caca a bayyane yake a Suratul Baƙara, aya ta 219, da Suratul Ma'ida, aya ta 90 da 91, inda aka ambaci gaba da ƙiyayya da shagala cikin illolinta. Labarin Aleksei kamar sharhi ne a kan wannan shagala. Amma haramcin aiki bai yanke maganar yadda za a dubi wanda ya faɗa cikinsa ba. Harshen Hausa ma ya ajiye hikima a nan: kalmar jaraba, da ake faɗa wa mai kwaɗayin da ba ya iya dainawa, tushenta ɗaya da jarrabawa. Wanda ya ce wane jarababben caca ne ya zarge shi, kuma a cikin wannan kalma ɗaya ya shaida cewa an jarrabe shi.

Tausayi da alhaki

Duk da haka, kuskure ne a fita daga wannan rami a faɗa na gaba, a ce tun da jaraba ce to babu alhaki. Littafin kansa bai yarda da haka ba. Tsohuwar da ake yi wa dariya ita ce ta amsa wautarta da bakinta, ta tattara ta koma Mosko. Kuma kowane ɗayan littattafan biyu yana da mutanen da tausayin mai karatu kan tsallake. A Gidan Matattu akwai babin da wani ɗan kaso yake ba da labari cikin dare yadda ya yi ta dukan matarsa Akulka har ya yanka ta. A Ɗan Caca akwai Polina. A rayuwa ta zahiri kuwa akwai Ana, wadda a garin Baden a 1867, tana da ciki, ta ga an kai ƴan kunnenta da tufafinta jingina. Tausayin da ya manta da waɗannan mata rabin adalci ne.

Dostoyefski ya samo mafita daga talakawan Rasha, waɗanda ke kiran ƴan kaso da suna mai ma'anar marasa sa'a, suna miƙa musu sadaka a hanya. A Gidan Matattu wata yarinya ƙarama ta biyo Goryancikof da gudu ta danƙa masa ɗan kwabo, ya daɗe yana ajiye da shi. A 1873 marubucin ya yi bayani a wata maƙala cewa talakawa ba musun laifin suke ba in sun faɗi wannan suna. Sun san mai laifi mai laifi ne, sun kuma san su ma ba tsarkaka ba ne. A maƙalar ya soki masu cewa yanayin zama ne kawai ke sa laifi, domin a ganinsa wanda aka cire wa alhaki an cire masa mutuntaka. Ashe tausayi da alhaki ba kishiyoyi ba ne da in ɗaya ta shiga ɗaya za ta fita. Ana iya gaya wa mutum cewa shi ya yi, kuma a ƙi sakin hannunsa.

Akwai kuma gargaɗi ga mai saurin yanke hukunci. A farkon Gidan Matattu an nuna wani ɗan manyan gida da aka ɗaure bisa kisan mahaifinsa, kullum cikin raha da wasa, har mai karatu ya ɗauke shi misalin mutuwar zuciya. Can gaba a littafin sai aka sanar cewa an gano masu kisan na ainihi, mutumin ya yi shekara goma a banza. Wanda ya yi kuskure haka a kan mutumin da aka nuna masa a fili, ya kamata ya yi hattara kafin ya rantse cewa wane ba zai taɓa gyaruwa ba.

Wannan rantsuwa ce Astile, Baturen Ingila mai gaskiya da kamun kai, ya yi a ƙarshen Ɗan Caca. Ya gaya wa Aleksei cewa Polina ta so shi da gaske, ya ce masa ya riga ya hallaka, ya ba shi tsabar zinariya goma yana da yaƙinin a tebur za su ƙare, ya tafi. Duk abin da ya faɗa yana da hujja, kuma yawancin masu karatu a bayansa suke tsayawa. Amma labarin yana da wata mai karatu da ta riga kowa, ita ce wadda ta ɗauke shi da hannunta daga bakin mai shi. Ana ta san ɗan caca a takarda kafin ta san shi a ɗaki. Ta rubuta daga baya cewa ta gane abin cuta ne da gori ba ya warkarwa, don haka ta daina gori, ba ta kuma daina lissafin abin da ya salwanta ba. A Afrilun 1871 mijinta ya sake zuwa Wisbaden, aka sake cinye shi, ya rubuto mata cewa wannan ne na ƙarshe. Ta sha jin irin wannan alkawari, ba ta gaskata ba. Amma bai sake zama a teburin caca ba har ya rasu bayan shekara goma, ko da yake ya koma Jamus sau da yawa neman magani. A cikin waɗannan shekaru ita ta karɓi ragamar buga littattafansa daga 1873, ta bi basussukan ɗaya bayan ɗaya tana biya, shi kuma ya rubuta Les Frères Karamazov.

Wannan ba ya nufin kowane ɗan caca zai tashi, ko kuwa wajibi ne kowace mace ta jure abin da Ana ta jure. Abin da yake nunawa shi ne hukuncin Astile, duk da kamarsa da gaskiya, bai tabbata a kan mutumin da ya ƙago Aleksei daga jikinsa ba. A shafin ƙarshe na Gidan Matattu maƙera ƴan kaso ne suka cire wa Goryancikof mari, ya ɗauke shi ya dube shi yana mamakin cewa yanzun nan a ƙafarsa yake, kuma babu mai karatun da ya tsaya tambaya ko mai kisan matarsa ya cancanci wannan rana. Marubucin ya ce ɗakin caca ɗan'uwan ɗakin wankan nan ne. Wanda ya yarda da shi a littafin farko, akwai nauyi a kansa ya sake buɗe na biyun, ya karanta shi da idon da ya karanta na farko.